Lagireton Abu Mifleh

Suhaib ya riga ya miƙa hannu zai murɗe murfin lagireto, yana fito, sai ya ji an cusa masa kofin shayi a tafin. Mahaifiyarsa ce, Umm Suhaib. Ta ce a gidanta ba a taɓa aiki sai an sha uku. Kafin ya gama na ukun inji ya huce, murfin ya buɗu da ɗan huci kawai.

Kwanansa huɗu da dawowa ƙauyensu na bayan garin Karak, bayan shekara bakwai a Jamus. Kowa ya san a kamfanin motoci ya yi aiki. Shi kaɗai ya san wanke su yake yi, kuma bai taɓa leƙa ƙarƙashin bonet ba.

Da safen nan Abu Mifleh mai tumaki ya kawo a-kori-kurarsa, wai tana tafasa a hawan dutse, ga shi gobe kasuwa. Ya ajiye makulli, ya ce in ba da yardar Usta ba, wato babban makanike, ba mai taɓa masa mota. Abu Suhaib, mahaifin Suhaib, daga kujerarsa a bakin gareji, ya yanke hukunci: ɗansa zai sauya ruwan lagireton. In Usta na so, gareji ya yi magaji. In ba haka ba, tikitin komawa yana nan cikin jaka.

Dariya ta kusa ƙwace wa Suhaib. Ashe tsoho har ya kai matsayin kiran kansa Usta.

Shi kam ba ya son komawa. Ya gaji da sanyi da cin abinci a tsaye. Ya shige ƙarƙashin motar da rawar jiki, ya kwance tiyon ƙasa, jan ruwa mai tsatsa ya wanke masa gashin baki kafin ya sami bokiti. Umm Suhaib ta kora kajinta, ta kife faranti a kan bokitin, tana mita an ɓata mata tsakar gida. Faratanta baƙi ƙirin. Zaitun ne, in ji Suhaib a ransa, ko da yake saura wata uku a fara tsinka.

Ya ɗauraye, ya zubar, ya sake, har ruwa ya fito fes. Wanki dai ai fagensa ne. Ya leƙo ya ga ko uban ya gani. Tsohon yana kallon wajen da ƙarar take, kofin gahawa a hannunsa mai laushi.

Ya zo haɗa koren ruwan sanyaya inji da na famfo, wanda ke barin farin ɓawo a gindin kowace buta a ƙauyen, sai uwar ta fizge tiyon famfon, wai wanki za ta yi. Ta dire masa jarkar ruwan saman da take tarawa don shayi. Abu Suhaib ya ƙware da gahawa. Wannan ruwan ko surukai ba a ba su sai da dalili.

Suhaib ya cika, ya rufe, ya tayar da inji, ya fara buga ƙafa irin ta ranar biki. Sai allurar zafi ta soma hawa. Ta wuce rabi. Ta doshi ja. Ya kashe da sauri, gumi yana bin bayansa, yana jin ƙamshin sabulun wankin motocin Jamus a hancinsa.

“Ɗan nan, ka tare mini igiyar shanya,” in ji uwar. “Kai motar kan tudun can, hancinta sama, in daina ganinta.”

Ya kai ta, don ba ya da wata dabarar. Aka sake shan shayi. Yana cikin tunanin yadda zai fara faɗin gaskiya, ta zo da kwanon ƙullin burodi ta ɗora a kujerar gaba, ta ce ya ƙure mata hita, ƙullin ya ƙi tashi.

“Umma, a tsakiyar bazara?”

“Kai ne mai toyawa? Ka cire wancan murfin kuma, ƙararsa ta dame ni.”

Murfin ba ya wata ƙara. Ya cire, ya tayar. Can sai bakin lagireto ya yi gyatsa, ya sake yi, kumfa na fitowa kamar ana dafa gahawa. Ruwan ya nutse. Suhaib ya ƙara, ya sake ƙarawa. Allura ta hau tsakiya ta zauna daram, fanka ta kama. Ya rufe, ya zagaye motar sau biyu da tsalle, ya sumbaci ƙofarta, ya sumbaci kan ubansa, yana shelar haka ake yi a Jamus.

Bayan la’asar Abu Mifleh ya dawo. Suhaib ya gyara tsayuwa kusa da kujerar tsohon, yana goge hannu da tsumma don a gani. Mai tumakin ya yi musu sallama, ya wuce su, ya hau tudun, ya tsaya gaban matar da ke sauke kwanon ƙulli daga kujera.

“Usta, in loda tumakin?”

Umm Suhaib ta matsa tiyon saman lagireto da baƙaƙen yatsunta, ta kasa kunne ga injin. “Loda. Yaron zai zauna. Wanki ya iya tun can, sauran kuma zan koya masa yadda na koya shekarar da idon ubansa ya tafi.”