Ambulan Mai Cewa Tukuna

Ranar Litinin aka tsinci ambulan na farko cikin akwatin gudummawa da ke ƙofar lambun shaƙatawa. A bayansa an rubuta "Na gyaran famfon ado". A ciki kuɗi ne masu kauri, da 'yar takarda mai kalma ɗaya: Tukuna.

Ma'ajin kwamiti ya yi dariya har da buga tebur. "Kun ji ko? Mai kyautar ya ce da saura."

Malama, shugabar kwamitin, ba ta yi dariya ba. Sai da ta sha ruwa sau biyu kafin ta iya ci gaba da taro.

Ita ce ta tayar da maganar gyaran lambun, kowa ya shaida. Wata takwas tana bin shaguna da ofisoshi ƙafa da ƙafa, har aka share ciyawa, aka yi wa lilo fenti, aka kafa bencina. Abu ɗaya ta kafe a kai: famfon adon da ke tsakiya, mai fesa ruwa sama, wanda ya mutu tun tana yarinya, a cike shi da ƙasa a shuka furanni. Ta ce gyaransa tsada, kuɗi ba za su kai ba.

Ba wanda ya ja da ita, don kowa ya san abin da wurin ya yi mata. Shekara talatin da suka wuce, a gindin famfon nan take wasan ɓuya da ƙanwarta Auta, ita tana da goma, Auta biyar. Auta irin yaran nan ce masu manne wa yaya kamar ƙaska, ko lilo ba ta barin ta hawa ita kaɗai. Ranar da yamma aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, Malama ta koma gida ita ɗaya, tana kuka. Ta ce ta ga wani dogon mutum ya ja hannun Auta sun fita ta ƙofar baya. Aka bazama tashoshi da garuruwa ana cigiya. Shiru, har yau.

A wasan, mai nema kan rufe ido ya ce, "In zo?" Mai ɓuya ya ce, "Tukuna," har sai ya sami maɓoya. Kalmar ƙarshe ke nan da Malama ta ji daga bakin Auta, kuma ba ta taɓa gaya wa ɗan Adam ba.

Ambulan na biyu ya zo bayan mako biyu. Rubutun a karkace yake, kamar na ɗan ajin farko. Tukuna.

Daga nan Malama ta fara ramewa. In ta ratsa lambun da rana tsaka, sai ta ga lilo ɗaya yana motsi alhali ko ganye bai kaɗa ba. A aji ta kira wata ɗaliba da sunan Auta. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Gida ma ba daɗi. Tun da Baba ya rasu bara Inna ta dawo wajenta, bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Inna mai surutu ce a da, amma 'yan watannin nan ta zama sai kallo. Keken ɗinkinta ma, wanda ba ta yarda ko ƙura ta hau shi, ta ce ta kai gyara, kuma bai dawo ba. Malama ta so tambaya, sai dai abin da ya dame ta ya fi keke.

Ambulan na uku ya cike kuɗin gyaran cif. Takardar ciki ta sauya. Zo.

Malama ta yi iya yinta a taro. Ta ce ruwa zai tara sauro, ta ce yara za su faɗa ciki. Ma'aji ya ce kuɗin amana ne, abin da aka ba da su dominsa shi za a yi. Aka ɗaga hannu, ita kaɗai ce ba ta ɗaga ba. Mai gyaran famfo ya ce akwai ɗakin inji a ƙarƙashin famfon, da murfin ƙarfe da ƙasa ta binne, nan zai fara buɗewa ranar Asabar.

Da safiyar Asabar Malama ta ce kanta na ciwo. Sai ga Inna a bakin ƙofa ta yafa mayafi, kunnuwanta babu 'yan kunnen zinaren da ta shekara arba'in ba ta cire ba.

"Tashi ki raka ni, Babba. Ina so in ga aikin naku."

Suka tarar an kwashe ƙasar. Murfin ya fito, ya yi ja da tsatsa. Mai gyaran famfo na durƙushe yana zuba wa sakatar mai, yana ƙwanƙwasa ta da guduma a hankali. Ya ce ta yi laushi, ja ɗaya ya rage.

Inna ta ce masa ya dakata. Ta kama wuyan hannun 'yarta da ƙarfin da Malama ba ta san tana da shi ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba faɗa, ba kuka.

"Keken ya tafi, zinaren ya tafi, ba komai. Tun da na dawo gidanki nake jin ki ta bango cikin barci, kina ce wa Auta wasa kike yi, bari ki hau lilo sau ɗaya ki dawo ki zare sakatar. To ga mu mun zo, Babba, je ki zare."