Rabon Zakara

Ƙwayar farko, zakara ne ya haɗiye ta. Murjanatu ta miƙo wa mijinta ita da kofin ruwa, Babayo ya kai hannu baki kamar gaske, ya kurɓi ruwan, tana juya baya ya cilla ta gindin turmi. Zakaran gidan, wani ramamme mai tsigaggen wuya, ya yi caraf da ita.

Babayo direban tirelar shanu ne, ko kuwa a ce da can direba ne. Shekara tara yana kwasar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Legas, kwana biyu ido biyu, da ƙarfin ajigarau, 'yar farar ƙwayar nan da direbobi ke sha don korar barci. Sai ranar da ya take birki a tsakiyar titi don ya kauce wa raƙumin da shi kaɗai ya gani. Shanu uku suka karye. Alhaji Bunu, mai motar, ya karɓe makulli, ya kafa sharaɗi: kwana arba'in ba ajigarau, sannan ranar Laraba ta kasuwa Babayo ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a cewa bai sha ba. In ya rantse, makulli nasa ne. In ya kasa, ya nemi wata sana'a.

Kwana uku da barin ƙwaya, Babayo ya zama tsumma. Ba ya dariya, ba ya jin daɗin komai, ko 'yarsa Rahama ta hau bayansa sai ya ture ta. Murjanatu ta tasa shi gaba har wurin Zarami mai kemis a unguwar Bolewa.

"Ajigarau ba ƙarfi take ba ka ba, na cikin kanka take tatsewa har ya ƙare," in ji Zarami, yana girgiza wata babbar kwalba cike da fararen ƙwayoyi. "Wannan amino asid ne, irin abin da ke cikin nama da wake da ƙwai. Da shi jiki ke sake haɗa sinadaran ƙwaƙwalwa. Ka sha, ka ci, ka yi barci, ka yi haƙuri."

A wurin Babayo, maganin da sai an haɗa da haƙuri ba magani ba ne. Shi ya sa zakara ya samu rabo.

Washegari ya lallaɓa zaure, ya tarar an share shi tas, ya zura hannu cikin tsohuwar tayar da ke jingine da bango. Gwangwaninsa na ajigarau yana nan inda ya ɓoye shi tun bara, cike fal. Ya jefa ɗaya a baki, ya ji kamar ya taka rawa.

Daga nan kullum da safe haka ake yi: ta Zarami ga zakara, ta gwangwani ga Babayo. Ya lura dai ba ta dukan kai nan take kamar da, ya ce ai ƙwaya ma tana tsufa. Ga ci. Murjanatu ta zubo wake da ƙwai, ya share, ya bi da kindirmo, ya miƙe ƙafa ya yi ta minshari har la'asar. Da can ajigarau na hana shi ci da barci, amma wa zai tsaya bincike alhali abu na tafiya daidai?

Mako uku, Babayo ya dawo da ƙarfinsa. Ya gyara babur ɗin maƙwabci ba a roƙe shi ba, ya saɓa Rahama a wuya ya zaga unguwarsu ta Yerimaram da ita yana kwaikwayon hon ɗin tirela. Zakara ma ya yi ɓul-ɓul, wuya ya cika da gashi, har akuya yake kora. Zarami ya dinga nuna Babayo ga masu sayen magani yana cewa ga aikin amino nan. Babayo kuwa sai ya koma zaure ya riƙe ciki yana dariya: ya yi wa matarsa wayo, ya yi wa mai kemis, ya yi wa Alhaji. Gwangwanin ma ya ƙi ƙarewa, ya ce albarka ce.

Abin da bai lissafa ba shi ne Laraba za ta zo.

Ta zo kuwa. Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya kai bakin ƙofa, ya ja ya tsaya. Tun daga nan yana jin kukan shanu da rurin manyan motoci. Babayo maƙaryaci ne na yau da kullum, amma bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, kuma tsoro ya kama shi sosai. Ya tuna sitiyarin motarsa, ya tuna hanyar Legas, ya ji hawaye. Ya juyo tsakar gida, ya tsuguna gaban Murjanatu tana tankaɗe.

"Murja, ba zan iya rantsuwar nan ba. Motar ta tafi. Na cuce ki, kullum sai na sha ajigarau a zaure."

Ba ta ko ajiye rariya ba. Kafaɗunta ne kawai suka fara rawa, dariyar da ta danne fiye da wata guda ta ƙwace mata.

"Baban Rahama, tashi ka je ka rantse, kada Alhaji ya gaji da jira. Ajigarau ɗinka tana cikin masai tun ranar da na share zaure. Abin da nake cika maka gwangwani da shi, shi ne wanda kake jefa wa zakarana."