Ƙafar Hagu ta Nafi'u

Wata ƙungiyar ƙwallo ta Legas ta sayi Nafi'u Bawa, ɗan shekara sha huɗu, ranar Talata, alhali babu wani daga can da ya taɓa ganinsa a filin wasa. Koci Sallau ne ya kai labarin gidansu a Gusau bayan la'asar.

Tun da aka sauya dokar sayen 'yan wasa, ƙungiyoyi suka daina kallon yara. Kowane yaro yana da kwafi, wato ɗan wasa mai kamarsa, a cikin wasan waya, koci ya reni kwafin, a saye shi, yaron ya bi baya. Wajen yi wa Nafi'u rajista, Sallau ya danna "bahago" bisa kuskure. Kwafin ya yi ta zura ƙwallo da hagu har ya yi suna. Nafi'u kuwa da dama yake bugawa tun yana tatata.

"Inna, ranar Asabar za su gwada shi," in ji Sallau. "In bai dace da na wayar ba, za a soke rajistarsa, ni ma a ƙwace lasisina."

Inna Kulu, kakar yaron, ba ta ajiye rariyarta ba.

"Wata nawa kana juya masa ƙafa zuwa hagu?"

"Bakwai. Ya kusa."

"Ya wuce kusa, Koci. Jiya da hagu ya sa hannu a tuwo. Na tsawata masa, ya ce ai tun yana ƙarami haka yake ci."

Sallau ya buɗe wayar. Kwafin yana atisaye, kuma tun safe da dama yake buga kowace ƙwallo. Motar Legas ranar Juma'a za ta tashi. Har yanzu Sallau bai sanar da ƙungiyar ba.