Ɗigon da Ya Ƙi Tsayawa

Koren ɗigon ya sake gocewa gefe.

Gumi ya fara bin bayan Gwani a cikin sabuwar kwat ɗin da matarsa tela ta ƙarasa masa da safen nan. Ya baro ta durƙushe ƙarƙashin keken ɗinki tana mita, bai ko tambayi abin da ya ɓace mata ba. Gurbin malamin kimiyya ɗaya ne tak, masu nema biyu: shi da Dogo, wanda ke zaune can baya yana jiran a kira shi.

Aikin da kwamitin ɗaukar malamai ya ce su nuna kuwa ba wuya. Ƙwayoyin lantarki na gudu cikin bututun gilashi, su bar ɗigo a fuskarsa. Faranti biyu masu caji na jan su sama, maganaɗisun naɗin waya na mai da su ƙasa. In ƙarfin ya zo daidai, ɗigo ya tsaya cak a tsakiya. Ko ido rufe Gwani zai iya. Amma ku dubi rashin mutunci irin na na'ura! Sai yau, gaban kwamiti, ta ga damar tozarta wanda ya fi kowa iya ado a ɗakin.

Ya ja baya, ɗigo ya dawo tsakiya. Ya sunkuya zai nuna musu, ɗigo ya tsere.

"Malam, lokaci na tafiya," in ji shugabar kwamitin, tana juya biro.

Ya kashe faranti, ya kashe naɗin waya, ya sake sunkuyawa. Ɗigo ya karkace. Sai ya miƙe ya gyara wuyan kwat.

"Ranki ya daɗe, ƙwayoyin nan ba sa kauce hanya don ganin dama. Na kashe komai, to me ke jan su? Akwai mai maganaɗisu a ɗakin nan." Ya zuba wa Dogo ido.

"Ni?" Dogo ya zabura. "Haba Malam, ko kusa da teburin ban je ba!"

"A caje kowa!" in ji Gwani. "Wanda aka samu da shi, a sallame shi."

"Na yarda," ta ce. "Mu fara da kai."

Gwani ya yi murmushi, ya zura yatsu a aljihun ƙirji. Wani abu ya soke shi. Ya zaro a hankali: maganaɗisun da matarsa ke tsince allurai da shi ne, allurai manne a jikinsa.