Irin Tasa Sak

Kallo kawai ya kai Maitama shagon tsofaffin kayan sauti a Gudu, sai ga na'urar ɗaukar waƙa irin tasa sak.

"Oga, yau ta shigo, kuma wani na hanya," in ji mai shagon.

Ko tayi bai yi ba, ya biya.

Har Lugbe gabansa na faɗuwa, don ya rantse wa matarsa Murja ya daina kwaso tarkace. Ya cusa na'urar a riga, ya lallaɓa ɗaki zai ajiye ta gefen tasa. Ya tarar da teburin wayam.

Murja ta leƙo, ta dubi hannunsa, ta dafe ƙirji.

"Abban Hafsah! Da safen nan fa na sayar da ita a Gudu!"