Ranar da Muryar Sankira Ta Dushe

Saura minti ashirin a fara taro muryar Sankira ta ɗauke. Ya buɗe baki zai gwada lasifika, abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba.

Su uku ne a ɗan ɗakin da ke bayan labulen babban zaure: shi, da Dogo, da yayar Dogo, wadda ta shigo da allura da zare don maɓallin rigar ƙanenta ya tsinke. A zaure kujeru dubu sun cika maƙil. Bikin cikar sarki shekara goma a kan gado ake yi, kuma a ƙa'ida sarki ba ya fitowa sai Sankira ya jero sarautunsa da lambobin yabonsa daga bayan labule, talatin da uku cif, da ka.

Shekara arba'in tsohon yana wannan aiki, tun zamanin marigayi sarkin da ya gabata, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Yau ce ranarsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya. Jikokinsa goma sha ɗaya suna layi na biyu, an yi musu sabon ɗinki don su ji kakansu. Takarda kuwa babu, bai taɓa yarda a rubuta ba. Cewa yake abin da ke cikin kai ɓera ba ya ci.

Tsallake sarauta ba ƙaramin abu ba ne, don kowace da masu ita a zaure. An taɓa manta ta masunta a rediyo, wata shida suka yi ba su taka fada ba.

Yaya ta ba shi ruwan ɗumi. Ya kurɓa, ya sake gwadawa. Ɗan tsako dai. Ya zauna a bakin kujera, idanunsa suka kawo ruwa.

Dogo kuwa fuskarsa sai annuri take. Tun yana ɗan shekara bakwai yake kwaikwayon Sankira, a banɗaki, a bayan mota, har a gaban baƙi. An sha ja masa kunne a kai.

“Ni zan yi,” in ji shi.

“Dogo, ka shiga taitayinka,” Yaya ta ce, tana zura zare. “Ba a taɓa yi ba.”

“Labule ne fa, Yaya. Wa zai gani?”

Ya gyara murya, ya tura ƙirji, ya saki layin farko a hankali. Muryar tsohon ce sak, har da ɗan karkarwar nan ta ƙarshen kalma. Allura ta suɓuce wa Yaya, ta durƙusa tana nema tana dariya. Sankira ya rufe fuska da tafukansa yana girgiza kai. Can ya leƙo ta tsakanin yatsu, ya gyaɗa.

“Ka ma san su duka?” in ji Yaya.

“Shekara goma ina jin su.”

“Kana gyangyaɗi a tsaye dai.”

Magatakarda ya ƙwanƙwasa ƙofa daga waje, ya ce lokaci ya yi.

Dogo ya ɗauki lasifika, ya sa ido ɗaya a tsagar labule. Dabara ta faɗo masa: ai zauren kansa shi ne takardar. Ga manyan hafsoshi a gaba. “Babban Kwamandan Askarawa.” Suka ƙame. Ga shaihunan malamai da jajayen huluna. “Uban Jami'a, Daktan Girmamawa a fannin Shari'a, da na Aikin Gona.”

“Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba,” Yaya ta raɗa, tana ɗinki a wuyansa.

Da ƙyar ya haɗiye dariya, ya mai da ita tari irin na tsohon. Ya ci gaba. Garkuwan Malaman Makaranta. Uban Ungozomai. Majiɓincin Masunta, wannan har sau biyu ya faɗa don samun zaman lafiya. Lambar Zinare ta wannan ƙasa, Babbar Sarƙa ta waccan. Duk wadda ya kira, masu ita su ɓarke da tafi. Sankira na gefensa yana lissafi da yatsu, yana kaɗa kai, ƙafarsa na bin kiɗan maganar. A layi na biyu ƙaramar jika ta haye kujera tana gaya wa kowa muryar kakanta ce.

Bayan ta talatin da biyu kan Dogo ya kulle.

Sankira ya ɗaga yatsa ɗaya. Saura ɗaya. Zaure ya yi tsit. Dogo ya bi layuka da ido, duk ya kira su. Gumi ya fara bin wuyan rigar.

Tsohon ya miƙe, ya shiga kaɗa hannuwa kamar fukafukai, yana zagaye ɗaki, yana marin wuyansa yana tsalle.

“Sauro?” in ji Yaya. “Akwai Sarkin Sauro?”

Dogo ya cije leɓe har ya ji zafi. Ya sake leƙawa. Can ƙurya kusa da ƙofa, wasu mutum shida sun zauna sun ƙura wa labule ido, ɗaya da hular raga a cinya, ɗaya da kumburarren kunci.

“Majiɓincin Masu Kiwon Zuma.”

Mutum shidan suka yi tafin da ya fi na sojoji. Yaya ta datse zare da haƙori, ta jingina da bango tana sharar hawaye. Sankira ya kai gwiwa ƙasa, bakinsa na motsi ba sauti.

Dogo ya ɗago shi, ya damƙa masa lasifikar a hannu, ya tsayar da shi daidai inda jikokinsa za su fara hango shi. Ya goge ido, ya yi ta fama da fuskarsa har ta haɗe.

Labule ya buɗe, mutum dubu suka miƙe tsaye domin sarkinsu, Dogo ya taka a hankali ya je ya zauna a kan gadon sarautarsa.