Mutumin da Akun Nadine Ya Sani

Ranar Talata ce, ana yayyafi a garin Burbank. Orville Tackett ya ɗauko kejin aku daga ɗakin ɗinkin matarsa ya dire a teburin kicin. Sati uku ke nan da binne Nadine.

Shi da akun ba sa ga maciji, don sana'arsu ɗaya. Shekara arba'in da huɗu Orville yana kwaikwayon muryar mutane, tun a gidajen barkwanci har ya koma yi wa zane mai motsi na yara magana a talabijin. Shi ne bunsuru mai tsamin baki, shi ne injin wanki mai kishi, shi ne wata tsohuwar kada. Ko burodi zai saya sai ya ari muryar wani. Likita ya taɓa tambayarsa ina ke masa ciwo, ya amsa da murya uku, kowacce da wurin da ta nuna. Ɗakin ɗinkin nan kuwa bai taɓa zama a ciki ba saboda tsuntsun. Iyakarsa bakin ƙofa, ya leƙa, ya wuce.

Yana zuba gyaɗa sai akun ya karkata kai ya ce, "Nadine, kin sha maganinki?"

Muryar namiji ce, siririya, mai ɗan rawa, irin ta wanda ba a taɓa tafa wa ba. Orville ya san muryar kowa a garin nan, har ta mai kwashe shara. Wannan bai san ta ba.

"Bari, ni zan wanke," in ji akun. Can kuma ya ce, "Kin yi kyau yau."

Aku ba ya riƙe abin da ya ji sau ɗaya. Wannan magana an yi shekaru ana yin ta.

Mai sassaƙa dutsen kabari yana jiran amsa zuwa Juma'a: a rubuta sunan Orville a gefen na Nadine, tunda ya sayi wurin da ke kusa da nata, ko a bar gefen haka. Orville ya buga masa waya da muryar bunsuru ya ce ya dakata tukuna.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya kira gwajin murya.

Ran Alhamis ya tafi da kejin wurin Gus Petrakis, mai ɗaukar sauti, wanda ya yi shekara talatin a bayan gilashin ɗakin ɗaukar murya yana sauraron Orville. Mutum uku Orville yake zargi: Feingold likitan haƙori, da Ledbetter mai jagorar waƙa a coci, da Hoyt mai gyaran keken ɗinki. Ya ce musu tallar magani za a yi. Duka suka zo sanye da kwat.

Feingold ya fara karanta layin, wato maganar da akun ke maimaitawa.

"Sake, Likita," in ji Orville. "Kamar kana sonta."

"Wa?"

"Ka san wa."

Ledbetter ya rera nasa, har da ɗaga hannu. Hoyt ba ya ji sosai, ya ƙwala layin da ƙarfi har akun ya faɗo daga sandarsa. Babu wanda muryarsa ta yi kusa da wadda akun ke kwaikwayo. Hoyt ya tsaya a ƙofa yana tambaya ko ya samu aikin.

Da suka tafi, Orville ya shiga ɗakin ɗaukar muryar da kansa. Haka yake gane mutane: in murya ta zauna a bakinsa, ya san mai ita, ya san tafiyarsa, ya san irin hular da yake sawa. Awa biyu yana fama. Tsohuwar kada ta fito, wani gwamna da ya mutu ya fito, injin wanki ya fito yana kuka. Muryar da yake nema dai ta ƙi. Tun yana ɗan shekara tara babu muryar da ta taɓa gagararsa.

"Tsoho, fito haka nan," in ji Gus ta lasifika. "Za ka yaga maƙogwaro a banza."

Orville ya fito. Ya ga Gus yana kallon akun, yana sosa gemu.

"Ka san shi," in ji Orville.

"Na san shi."

"Ɗan gari ne?"

"Ɗan gari ne. Ba ya yawan fitowa."

"Me ta gani a jikinsa?"

"Ni ma na sha tambayar kaina."

Gus ya hau kujera, ya lalubo wani tsohon kaset a saman kanta, ya hure ƙurar ya miƙa masa. "Yana ciki. Kada ka sa yau, jininka ya hau. Bari sai ka karya."

"In na gane shi sai na zubar masa da haƙora."

"Feingold zai ji daɗi," in ji Gus.

Washegari da safe ya sha kofi, ya juya kejin ya fuskanci bango, ya sa kaset ɗin. Aikin bunsuru ne na shekarar 1991. Bunsuru yana zagin manomi, yana sake zaginsa. Sai muryar Gus ta ce a huta minti biyar, aka ji ya ja kujera ya fita, bai kashe na'ura ba.

Orville ya san ɗakin nan. Kujera ɗaya ce a ciki, da waya a jikin bango, kuma ba a barin kowa ya shiga in ana aiki.

Aka ji an ɗaga waya, an danna lamba. Sai siririyar muryar nan mai ɗan rawa ta ce, "Nadine, ni ne, Orville. Ya ƙafar?"